Yadda Adireshin IPv6 Na Duniya Ke Aiki Da Yadda Ake Raba Shi A Gida Ko Ofis

Adireshin intanet na duniya shi ne wanda kowace na'ura, ko a ina take, za ta iya aiko wa saƙo kai tsaye ba tare da wata rauta, wato na'urar da ke haɗa gida ko ofis da intanet, ta sauya shi a hanya ba. A tsohon tsarin IPv4 irin wannan adireshi ya zama kayan gabas. Gaba ɗayansu ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar da ke hannunta a ranar 3 ga Fabrairu, 2011. Shi ya sa kamfanonin intanet ke cusa ɗimbin masu hulɗa da su a bayan adireshi guda ta hanyar CGNAT. In ka duba rautarka ka ga adireshin da kamfani ya ba ta yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kana cikin wannan cunkoso, kuma duk wata ƙofa da ka buɗe a rauta don kallon kyamarar shagonka daga nesa aikin banza ne.

Sabon tsarin, IPv6, ya zo da yalwa, amma yawancin matsalar da ake samu wajen kafa shi daga tsumulmular da aka saba da ita a IPv4 take fitowa: ƙanƙanta reshe (rukunin na'urorin da ke sashe guda), neman NAT (ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi guda), toshe duk wani saƙon ICMP (saƙonnin da na'urori ke sanar da juna halin hanya da su). Wanda ya rabu da waɗannan halaye uku ya gama rabin aikin.

Karanta adireshin

Tsawon adireshin IPv6 bit 128 ne. Ana rubuta shi rukuni takwas, ana raba su da alamar ruwa biyu, kowane rukuni da gurbi huɗu. Abin da ke shiga gurbi lamba ce daga 0 zuwa 9 ko harafi daga a zuwa f, kuma kowane gurbi bit 4 ne. Ga cikakken misali:

2001:0db8:4a10:0023:0000:0000:0000:0005

Ana taƙaita shi da ƙa'ida biyu. Sifirin da ke farkon rukuni ana zubar da shi, 0db8 ya koma db8, 0023 ya koma 23. Rukunan da suka jeru duk sifiri kuma ana maye gurbinsu da ::, amma sau ɗaya tak a adireshi, domin in aka yi sau biyu ba mai iya sanin sifiri nawa ke kowane gefe. Misalin ya zama 2001:db8:4a10:23::5. Sifirin ƙarshen rukuni ba a taɓa shi: 4a10 daban, 4a1 daban, domin na biyun 04a1 ke nan. Wannan ɗan kuskuren kan sa mutum ya wuni yana laluben kebul alhali kebul lafiyarsa ƙalau.

Duk misalan da ke nan da 2001:db8 suka fara. An ware wannan yanki ne don rubutu da koyarwa, ba ya tafiya a intanet, saboda haka kada a kwafe shi a saka a rauta.

Farkon adireshi ya isa ya gaya maka irinsa. Na duniya a yanzu duk daga yankin 2000::/3 ake fitar da su (lambar bayan layin karkace na faɗin bit nawa aka kafe daga hagu), kashi ɗaya cikin takwas na dukan adireshin IPv6, wato duk wanda ya fara da 2 ko 3 a cikakken rukuni mai gurbi huɗu. Wanda ya fara da fe80 na cikin gida ne, ba ya tsallake rauta, kuma kowace na'ura tana ƙirƙira wa kanta shi ko da babu intanet sam. Ganinsa kaɗai ba shaida ba ce cewa kana da IPv6 na waje. Mai fd a farko na amfanin cikin ma'aikata ne, shi ma ba ya fita. Mai ff na aika saƙo ga tarin na'urori ne lokaci guda, ::1 kuma na'urar ce ke nufin kanta. Akwai guda biyu masu ruɗarwa: 2002::/16 da 2001::/32, na ƙarshen shi ne 2001 mai sifiri zalla a rukuni na biyu. Sun yi kama da na duniya, amma na tsofaffin dabarun 6to4 da Teredo ne masu ɗora IPv6 a kan IPv4. In su ka gani, kamfaninka bai ba ka komai ba.

Kashi uku, da wanda ke da iko da kowanne

Adireshin duniya kashi uku ne. Na farko kan adireshi, wanda kamfanin intanet ke ba ka, shi ne rautocin duniya ke dubawa su san inda za su tura fakiti, wato ƙunshin saƙo. Na biyu lambar reshe, kai ke tsara ta. Na uku lambar na'ura, bit 64 na ƙarshe. A misalinmu, in kamfani ya ba ka 2001:db8:4a10::/48, to rukuni uku na farko nasa ne, 0023 reshenka ne, sauran rukuni huɗun na na'ura. Lambar da ke bayan layin karkace tana faɗin bit nawa ne aka riga aka kafe daga hagu. Ƙaramar lamba, babban rabo.

Rabon yana gangarowa ne kamar yadda ake yanka fili: sama ta ba da hekta, na ƙasa ya yanka fuloti. A watan Oktoba na 2006 IANA ta ba kowace daga cikin hukumomin yanki biyar /12 guda: ARIN ta Arewacin Amurka 2600::/12, RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya 2a00::/12, APNIC ta Asiya da Fasifik 2400::/12, LACNIC ta Latin Amurka 2800::/12, sai AFRINIC da ke Morishiyos, mai kula da Afirka, 2c00::/12. Shi ya sa adireshin kamfanonin Afirka da dama ke farawa da 2c0f. Hukumar yanki kan ba kamfanin intanet aƙalla /32, wanda ya ƙunshi /48 har 65,536. Kamfani kuma ya ba ma'aikata /48, gida /56.

Lissafin da ya kamata ya zauna a ka shi ne wannan: /48 na ba da reshe 65,536, /56 na ba da 256, /60 na ba da 16, /64 kuwa reshe ɗaya ne rak. Kamfanin da ya ba ofis /64 guda ya yi rowa marar dalili, domin ba za ka iya ware baƙi daga ma'aikata ba sai da dabaru marasa kyau. A nemi /56 ko /48 tun wajen ƙulla yarjejeniya, a kuma tambaya ko kan adireshin kafaffe ne ko mai canzawa. Amsar wannan tambaya za ta yi amfani nan gaba.

Fa'idar wannan gangarowa ita ce rautocin tsakiyar intanet ba sa riƙe adireshin kowa ɗaya-ɗaya. Kamfani yana shelanta /32 ɗinsa ta BGP, hanyar da kamfanoni ke sanar da juna adireshinsu, duniya ta riƙe layi guda, shi kuma ya san inda kowane /56 yake a cikinsa. Ma'aikatar da ta karɓi nata rabon kai tsaye daga AFRINIC, kamar jami'a ko banki mai layi biyu, ta sani cewa a al'ada ba a karɓar shelar da ta gaza /48 girma. Ka shelanta /56, mafi yawan kamfanoni za su watsar da ita.

Me ya sa kowane reshe /64

Reshe ɗaya na /64 yana ɗaukar adireshi sama da biliyan 18 sau biliyan, kuma za ka sa wa ofis mai kwamfuta goma. Wanda ya taso a IPv4 zai ji kamar almubazzaranci ne, ya ce bari ya yi /112 ko /120. Kada ya yi. Hanyar da na'urori ke samar wa kansu adireshi, SLAAC, an gina ta ne a kan cewa rabin ƙarshe bit 64 ne. Da zarar reshe ya gaza haka, wayoyi da kwamfutoci za su ji shelar rauta su yi biris da ita. Ana ƙidaya rassa ne a IPv6, ba a ƙidaya na'urori. Inda aka yarda a kauce shi ne layin da ya haɗa rauta biyu kawai, nan ana sa /127, sai adireshin rauta na kanta da ake sa wa /128.

Wajen tsara rassa, a yanka a kan iyakar gurbi: /48, /52, /56, /60, /64. Makarantar da ke da 2001:db8:4a10::/48 tana iya ba gini na farko 2001:db8:4a10:1000::/52, na biyu 2001:db8:4a10:2000::/52, haka har gini goma sha shida in an haɗa da 0000, kowanne da reshe 4,096. A cikin ginin farko, 1001 na malamai, 1002 na ɗalibai, 1003 na kyamarori. Duk wanda ya kalli adireshi zai san gini da sashe ba tare da buɗe takarda ba. In aka yanka a /50 ko /61, iyakar ta faɗa tsakiyar gurbi, kullum sai an zauna lissafi.

Yadda na'ura ke samun nata

Da zarar an jona kebul ko an hau Wi-Fi, na'ura takan fara ƙirƙirar adireshin fe80. Kafin ta yi amfani da shi sai ta tambaya ko wani na riƙe da irinsa. In shiru, ya zama nata. Daga nan ta aika neman rauta zuwa ff02::2, saƙon ICMPv6 mai lamba 133. Rauta ta amsa da shela, mai lamba 134, ɗauke da kan adireshin reshen, wa'adinsa, sau da yawa har da adireshin sabar DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi. Na'ura ta haɗa bit 64 na rauta da bit 64 nata, ta sake tambayar ko akwai mai irinsa, shi ke nan.

Abu biyu a nan na ba sababbin shiga mamaki. Ƙofar fita, wato rautar da ake bi zuwa waje, adireshinta na fe80 ne ke bayyana, kuma daidai ne, ba kuskure ba. Sannan daga shelar rauta kaɗai ake samun ta. DHCPv6, tsarin da sabar ke raba wa na'urori adireshi, ba ya ba da ƙofar fita ko kaɗan, saɓanin DHCP na IPv4. Wanda ya kashe shela don yana da sabar DHCPv6 zai ga na'urori da adireshi mai kyau amma ba inda suke zuwa.

A cikin shelar akwai tutoci. A na cewa na'ura ta haɗa adireshinta da kanta. M na cewa ta nemi adireshi wurin DHCPv6. O na cewa ta nemi sauran bayani kawai, kamar DNS. A lura cewa wayoyin Android ba sa karɓar adireshi ɗaya-ɗaya daga DHCPv6. Duk reshen da wayoyi za su hau, a bar tutar A a kunne, a kuma sa DNS a cikin shela.

Rabin na'ura ana samar da shi ta hanya uku. Tsohuwar ita ce EUI-64: a ɗauki lambar MAC, wato lambar da katin sadarwar na'ura ke zuwa da ita, a tsaga ta biyu, a cusa fffe a tsakiya, a juya bit na bakwai. MAC ɗin 00:1a:2b:3c:4d:5e zai koma 021a:2bff:fe3c:4d5e. In ka ga ff:fe a tsakiyar rabin ƙarshe, wannan hanyar ce. Aibinta shi ne lambar na bin na'ura duk inda ta je, ana iya gane ta a gida, a ofis, a otal. Saboda haka manyan manhajoji na yanzu suka koma lambar da aka cakuɗa, wadda ba ta canzawa a reshe guda amma takan bambanta a wani reshen. A kan wannan kuma suna ƙara adireshin wucin gadi da ke sabuntawa kusan kullum, da shi ake fita lilo. Kwamfuta ɗaya da adireshi huɗu ko biyar ba ciwo ba ne. Sabar, firinta da na'urar naɗar kyamara su ne ake sa wa kafaffen adireshi da hannu, gajere mai saukin tunawa irin ::10 ko ::53.

Kafa shi a rauta

Rautar gida ko ofis na bukatar abu biyu daga kamfani: hanyar fita, da kan adireshin da za ta raba a ciki. Na biyun ana neman sa ta DHCPv6-PD. A rautar MikroTik, in ƙofar ether1 ce ke fuskantar kamfani:

/ipv6 dhcp-client add interface=ether1 request=prefix pool-name=rabo pool-prefix-length=64

/ipv6 address add interface=bridge from-pool=rabo address=::1/64 advertise=yes

/ipv6 settings set accept-router-advertisements=yes

Layin farko ya karɓo rabon ya zuba shi a rumbu, na biyu ya ciro /64 guda ya sa wa ɓangaren ciki ya fara shela. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. A yadda take zuwa, rautar ba ta sauraron shelar kamfani muddin ita ma tana tura fakiti, sai ta samu rabo amma ba ta da hanyar fita. A RouterOS, manhajar MikroTik, na 6 sai an fara kunna kunshin ipv6 an sake tayar da rautar, a na 7 yana ciki. In layinka PPPoE ne, wato mai shiga da suna da kalmar sirri, a kan ƙofar PPPoE ɗin za ka nemi rabon, ba ether1 ba.

Haka lamarin yake a Linux da aka mai da rauta: da an kunna forwarding sai ta daina karɓar shela, sai an sa net.ipv6.conf.eth0.accept_ra=2. A Cisco kuwa, in ba a rubuta ipv6 unicast-routing ba, za a iya sa adireshi a kowace ƙofa amma rautar ba za ta yi shela ba, ba za ta tura komai ba.

Gwaji daga ciki ake fara shi zuwa waje. A Linux ip -6 addr show, a nemi layi mai scope global. A Windows ipconfig. Sai ip -6 route, a tabbatar akwai default via fe80. Sai a gwada ping zuwa 2001:4860:4860::8888 na Google ko 2606:4700:4700::1111 na Cloudflare. In wannan ya yi amma sunayen shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce: ba a samun bayanan AAAA, waɗanda ke haɗa suna da adireshin IPv6. Wajen rubuta adireshi a burawuza, sai an sa shi a baka mai kusurwa, kamar http://[2001:db8:4a10:1003::10]:8080, in ba haka ba lambar ƙofa za ta cakuɗe da adireshin.

Katangar tsaro

Tunda babu NAT, kowace na'ura a ciki tana da adireshin da ake iya kaiwa daga waje. Katangar tsaro ce kaɗai ke tsakani, kuma dokokinta na IPv6 dabam suke da na IPv4. Akwai ma'aikatu masu dokoki ɗari a IPv4, ɓangaren IPv6 kuwa wayam. Tsarin farko mai sauƙi ne: a bar amsar abin da aka fara daga ciki ta shigo, a bar ICMPv6, a bar UDP 546 zuwa ita rautar daga adireshin fe80 don DHCPv6-PD, a toshe duk wani sabon haɗi daga waje. Bayan haka a buɗe abin da ake so ɗaya-ɗaya, zuwa adireshin na'urar kai tsaye. Mai son kallon kyamara daga nesa ya tuna cewa layin da zai kalla da shi ma dole ya kasance da IPv6, kuma ya fi aminci a shigo ta VPN da a bar ƙofar kyamara a buɗe.

Maganar ICMPv6 ba ta sassauci. IPv6 ba shi da ARP, saƙonni masu lamba 135 da 136 su ne ke gano maƙwabci a reshe. Ka toshe su, ko rautar da ke kusa da kai ba za ka samu ba. Mai lamba 2 kuma shi ne ke cewa fakiti ya yi girma. A IPv6 rautocin hanya ba sa tsinka fakiti, sai dai su jefar da shi su sanar da mai aikowa ya rage. In an toshe sanarwar, alamar ciwon ita ce ping na tafiya, ƙananan shafuka na buɗewa, manya kuwa su fara su tsaya cak. An fi ganin haka a PPPoE, inda girman fakiti ke komawa 1492 maimakon 1500. Cire 40 na kan IPv6 da 20 na TCP, saura 1432, shi ne MSS, wato iyakar bayanin da fakitin TCP ɗaya zai ɗauka, da za a daidaita a rauta. Ƙa'ida ta ce kowane layi ya iya ɗaukar aƙalla 1280, don haka in ana zargin girma, a gwada da wannan.

In wuta ta ɗauke

Ga inda tambayar kafaffe ko mai canzawa ke da muhimmanci, musamman inda wuta ke wasa. Rauta ta mutu ta tashi, kamfani ya ba ta sabon /56. Kwamfutar tafi-da-gidanka da wayoyi ba su mutu ba, suna nan riƙe da tsohon adireshi, kuma rautar ta manta da shi balle ta ce musu su sake shi. A ƙa'idar asali wa'adin fifita adireshi kwana 7 ne, na ingancinsa kwana 30. Na'ura na iya ci gaba da fita da tsohon, amsa kuma ba ta dawowa tunda kamfani ya daina turo wannan rabon gare ka. Kashe Wi-Fi a kunna na warkar da na'ura ɗaya. Maganin dindindin shi ne a rage wa'adin a shela zuwa awa ɗaya ko biyu, a sa rautar a kan batir, ko a samu kafaffen rabo. In rabon mai canzawa ne dole, a ƙara wa rassan ciki adireshin fd don firinta da sabar kada su riƙa ɓacewa.

Sau da yawa ba a lura IPv6 ya lalace, domin burawuza kan gwada shi, in bai amsa cikin kusan kwatan daƙiƙa ba ta koma IPv4. Sai dai a ji wasu manhajoji na jan ƙafa. Kada buɗewar shafi ta zama shaida, a gwada da ping -6.

In kuma na'urori suka wayi gari da kan adireshin da ba ka sani ba, ko ƙofar fita biyu, wani ne ya jona ƙaramar rauta a baibai ko ya kunna raba intanet a kwamfutarsa, tana ta shela kamar ita ce rautar gidan. Adireshin fe80 na ƙofar da ip -6 route ya nuna, a neme shi a ip -6 neigh a samu lambar MAC, a bi ta a teburin suwic har zuwa ƙofar da take. Suwic masu saiti suna da RA Guard, mai toshe shelar rautar bogi, a kunna shi a duk ƙofofin da ba rauta ke kai ba.

Mai kafa sabar imel yana da ƙarin aiki ɗaya. Gmail kan ƙi wasiƙar da ta fito daga adireshin IPv6 marar bayanin PTR, wanda ke haɗa adireshi da sunan sabar. Ana rubuta wannan bayanin a ƙarƙashin ip6.arpa, gurbi 32 duka a juye daga ƙarshe zuwa farko, kowanne da ɗigo a tsakani, ba a taƙaita sifiri ko ɗaya. Kamfanin da ya ba ka rabon shi zai sa maka shi ko ya miƙa maka ikon yankin, kuma miƙawar na tafiya sumul ne kawai in rabon ya tsaya a iyakar gurbi, irin /48 ko /56. A kashe adireshin wucin gadi a wannan sabar, don wasiƙa ta riƙa fita da adireshin da aka yi wa rajista.